Wa Ya Aiki Ɗan Jarida Ƙidayar Rumbuna?

Ku dakata da jifan tukuna, jama'a, ku bari in kai aya. Abin da na ce guda ɗaya ne: a ɗauki ɗan jarida a haɗa shi da malamin jami'a mai nazarin zamantakewar al'umma, a ba su guzuri, a tura su ƙauyukan arewacin Kano su shekara suna bin diddigin yadda aka yi wani ke da rumbu huɗu, maƙwabcinsa kuwa, da katangar zana ce kawai tsakaninsu, ya fara awo tun ba a yi shuka ba. Ban ce a raba gonar kowa ba. Ban ce a dawo da haraji da jangalin da Abubakar Rimi ya soke a 1979 ba. Amma tun ban rufe baki ba majalisa ta yi mini caa, kowa da tasa.

Bari in fara da Alhaji, tunda shi ne babba, kuma shi ya fi ɗaga murya. Ya ce wannan wata sabuwar hanyar cin kuɗin Turawa ce: a kama ɗakin taro a otal, a raba jaka da biro, a ci shinkafa da cinyar kaza, a jeru a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu ya karɓi kuɗin mota. Ranka ya daɗe, yadda ka zayyano tsarin nan daki-daki, har da cinyar kaza, ina zargin ka taɓa halarta. Ba zan musa maka ba, akwai irin wannan, kuma da yawa. Sai dai wanda nake magana a kai wani abu ne dabam. A birnin New York na Amurka akwai gidauniyar Russell Sage, wadda aka kafa tun 1907 don nazarin halin rayuwar jama'a. Takan gayyato 'yan jarida su zo su zauna a gini ɗaya da masanan da ke binciken talauci da giɓin arziki, a ci abinci tare, a yi musu tare, ɗan jarida ya rubuta aikinsa masana na kusa da shi suna tsinke masa kuskure. A Landan kuma, makarantar koyon tattalin arziki ta LSE tana da cibiyar nazarin rashin daidaito, kuma tun 2017 take ɗaukar 'yan jarida da masu fafutuka da masu bincike daga ƙasashe daban-daban a ƙarƙashin shirin Atlantic Fellows. A nan gida ma ba a bar mu a baya ba wajen tallafa wa 'yan jarida. Cibiyar ICIR da CJID a Abuja, da Cibiyar Wole Soyinka a Legas, da gidauniyar Daily Trust, duk sun horar da 'yan jarida sun ba su kuɗin fita bincike, kuma gidauniyar MacArthur ta zuba kuɗi sosai a wannan fanni. Yawancin abin da aka fi bi shi ne kwangilar da aka karɓi kuɗinta aka gudu, da asibitin da babu magani, da rijiyar burtsatsen da ke kan takarda kaɗai. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka. Amma ɓarawon kwangila yana da suna da ofis da lambar waya. Abin da ke raba manomi da gonarsa a hankali, shekara bayan shekara, ba shi da ofishin da za a je a tsare shi da makirufo. Gano shi sai da awo da haƙuri, kuma nan ne ɗan jarida yake buƙatar wanda ya iya awon.

Sai ga Baba daga gefe, rediyo a kafaɗa, ya ce: "Yaro, talauci har sai an auna? Duk wanda ke ƙauye ai talaka ne." Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan maganar ka faɗa wa baƙo ne, ni ka san ba za ta shige ni ba. Kai da kanka, in na zaunar da kai a gindin gawo na ce lissafa mini gidajen unguwarku, ba za ka yi rabin sa'a ba sai ka ware mini su: wane yana ciyar da gidansa har ya ranta wa wasu, wane yana kaiwa kaka da ƙyar, wane kuwa tun bazara matarsa take aika yara da kwano gidan 'yan'uwa. Kun san wannan sarai. Mu 'yan birni masu rubutu ne muke tattara ku a buhu ɗaya mu rubuta "talakawan karkara" a jiki mu ɗinke.

Kuma wadda ta fi kowa kwance wannan buhu, abin dariyar, tsohuwar 'yar jarida ce. Polly Hill, Baturiyar Ingila, 'yar 'yar'uwar masanin tattalin arzikin nan John Maynard Keynes, ta yi aiki a mujallar West Africa a farkon shekarun 1950 kafin ta koma bincike a jami'a a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, inda ta yi suna da nazarin manoman koko. A 1967 ta zo ta zauna a Ɓatagarawa, kusa da Katsina. Dabarar da ta yi ita ce irin wadda na gaya wa Baba yanzu: ta nemi mutanen garin da suka san kowa su ware mata magidanta 171 gwargwadon yadda suke iya jure yunwar da ke zuwa kafin sabon hatsi. Suka fito kashi huɗu, daga masu taimakon wasu har zuwa masu shan wuya matuƙa. Sannan ta bi gonaki tana awo, ta ga cewa rabon da mutanen gari suka yi da ka ya yi daidai da faɗin gonakin da kowa ke iya zuba wa taki. Littafin ya fito a 1972. Daga nan ta dawo Kano, ta zauna a Ɗorayi a 1971 da 1972, lokacin Ɗorayi tana gonaki da manyan gidajen gandu waɗanda wasunsu ke ɗauke da mutum fiye da 100. Aikin nan ya fito a 1977, kuma a ciki ta kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970. Hukuncinta bai yi wa masu waƙar ci gaba daɗi ba: a ganinta ƙauyukan sun yi asarar abubuwa da yawa a tsakanin, domin saƙa da rini da fatauci da a da suke hannun mutanen karkara sun ja baya, harka ta tattare a birni, aka bar mutane da yawa a kan 'yar ƙasa kaɗan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bincikenta shi ne yadda ta nuna mutum kan yi talaucin da zai hana shi noman kansa. Ku bar Ɓatagarawa, ku zo mu tsaya a kowane ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa ko Kunci mu duba. An yi ruwan shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta taso, lokacin noman farko ya yi. Mai ƙaramin ƙarfi rumbunsa ya ƙare tun bazara. Da asuba yana da zaɓi biyu: ya ɗauki fartanya ya shiga gonarsa iyali su wuni da yunwa, ko ya tafi ƙwadago gonar mai hali ya dawo da kuɗin tiya ɗaya. Ƙwadagon yake tafiya, kuma kowa a matsayinsa haka zai yi. Sai ya waiwayi tasa gonar bayan kwanaki, ciyawa ta riga ta sha kan geron. Takin da 'yan awakinsa suka tara da rani, wataƙila ya riga ya sayar wa mai amalanke. Da kaka ya samu 'yan dammuna kaɗan, ga bashin da ya ci da damina, ga mai jego, ga kuɗin magani. Dole ya kai kasuwa lokacin da kowa ke kaiwa, farashi a ƙasa. Wa ke saye? Mai halin da ya yi wa ƙwadago, ko dillalin da zai loda zuwa kasuwar Dawanau. Bayan wata shida shi ɗin dai zai dawo ya auni hatsin nan da tsada. In shekara ta yi muni sau biyu a jere, sai a ji ya jinginar da gona ɗaya. Jinginar da ba a fansa ba kuwa kun san ƙarshenta. Babu wanda ya yi masa sata. Babu dokar da aka karya. Kowa a cikin labarin nan yana sallah a sahu ɗaya da shi, wani ma surukinsa ne. To ku gaya mini, wane ɗan jarida ne zai ga wannan a ziyarar wuni ɗaya?

Na san abokan aikina sun fara hura hanci. Ɗaya ya ce mini, "Haba Malam, mu da kullum muna ƙauye." Gaskiya ne, abokina, kullum kuna ƙauye, amma wane ƙauye, kuma a wane wata? Na taɓa bin wata tawaga irin wannan, ba zan kama sunan gidan ba. Aka tashi da hantsi, aka bi kwalta, aka tsaya inda kwaltar ta ƙare. Aka nemi mai unguwa, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, dattawa biyar masu wankakkun riguna suka zauna. Aka kunna rikoda aka ce, "Mene ne matsalolinku?" Suka ce taki, ruwa, hanya, asibiti. Aka ce wane kira za ku yi ga gwamnati, suka yi kira. Kafin la'asar mun dawo birni. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma waɗanda ke da sukunin zama ƙofar mai unguwa da hantsi su ne waɗanda wani ke yi musu aiki a gona. Wanda ya kamata mu ji yana can bayan gari a duƙe, ko ya tafi cin rani. Matan gida kuwa, waɗanda su suka san tiya nawa aka dafa jiya, ko sallamarsu ba mu ji ba. Wani masani ɗan Ingila, Robert Chambers, ya tsara irin wannan son zuciya na baƙon karkara a littafinsa na 1983: baƙo kan bi bakin titi, ya zo da rani lokacin da hanya ke biyuwa, ya gana da maza masu faɗa a ji, ya koma yana ganin ya ga ƙauye. Da jami'an raya karkara yake, amma in ɗan jarida ya karanta sai ya ji kamar da shi ake.

Kada Farfesa ya yi murmushi, yanzu zan zo kansa. Allah gafarta Malam, kai ma na ji ƙorafinka. Ka ce ɗan jarida ba shi da haƙuri, za ka ba shi sakamakon shekara uku ya mayar da shi kanun labari mai kalma bakwai, ya jefar da duk "amma" da "sai dai" da ka sha wuya ka jera. Akwai gaskiya a nan. To amma ina sakamakon shekara ukun yake yanzu? Yana cikin kundi mai baƙin bango a kan kanta, gara na duba shi a madadinmu. Ko kuma yana wata mujallar ƙetare da sai an biya dala kafin a buɗe, an rubuta shi da Turancin da ko ɗalibanka sai sun yi alwala kafin su tunkare shi. An ƙara maka girma da shi, mun taya ka murna, mun ci walima. Mutanen da ka yi wata da watanni kana ƙidaya musu awaki fa, wa ya koma ya gaya musu abin da aka gano?

Ƙasar nan tamu ta kewayen Kano tana cikin yankunan karkarar Afirka da masana suka fi yi wa rubutu. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka fitar da nazarinsu kan wannan yanki mai cunkoson jama'a, inda gona ba ta hutawa, gida na kallon gida, kowace shekara a noma wuri ɗaya. Mortimore ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ya dawo Jami'ar Bayero a 1979 ya zauna har 1986. Ya bi jakunan da ke shigo da itace birni su fita da mangalar taki, ya duba yadda manomi ke barin gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona, yadda ake ɗaure dabbobi da damina a tara kashinsu, a ba su harawar wake da ta gyaɗa da rani. A lokacin da masana da yawa ke cewa yawan jama'a zai kashe ƙasa hamada ta cinye mu, shi ya nuna cewa manoman Kano sun riƙe ƙasarsu da rai da dabararsu. A shekarun 1990 shi da Bill Adams suka bi ƙauyuka huɗu, ciki har da Tumbau ta ƙasar Gezawa, inda Frances Harris ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita daga cikinta na sinadarin ƙasa. Michael Watts ya zauna a Kaita ta Katsina ya rubuta tarihin yunwa a ƙasar Hausa, ya fito a 1983. Duk wannan arziki da Turanci yake, an buga yawancinsa a Kambirij da Landan da Kalifoniya. Jikan mutumin da aka auna gonarsa a Tumbau, in yana son sanin abin da aka rubuta a kan kakansa, sai ya nemi wanda ke da katin laburare.

Ga kuma wani abin da Farfesa ba ya son a faɗa a gaban jama'a: su ma masanan ba bakinsu ɗaya ba. Peter Matlon ya yi bincike a ƙauyuka uku na wajen Rogo a 1974 zuwa 1975, ya samu cewa tazarar kuɗin shiga tsakanin manoma ba ta kai yadda ake zato ba. Polly Hill ta ga tazara mai faɗi, amma ta ce arzikin ƙauye ba ya daɗewa a gida ɗaya, domin mai gida na mutuwa gandu ya watse, a raba gado, 'ya'yan mai rumbu huɗu su tashi da rumbu ɗai-ɗai. Waɗanda suka zo bayanta wasu suka ce a'a, kasuwa da bashi suna gina masu hali da za su daɗe. Mortimore ya ce ƙasa na nan lafiya. Hill ta ce mutane da yawa a kanta ba lafiya ba. Ni a ganina duka biyun na iya zama gaskiya a ƙauye ɗaya, a shekara ɗaya. Irin wannan saɓani ɗan jarida ne ya iya shi. Shi ne ba ya jin kunyar tambayar wauta. Shi zai ce, "Malam, kai ka ce kaza, wancan ya ce kaza, wa za mu bi? Kuma wannan awon na shekara 50 da suka wuce ne, yau fa?"

Na hango wani Bazazzagi yana ɗaga hannu tun ɗazu, yana so ya tuna mana cewa duk wannan ilimi daga Samaru ya faro. Mun ji, mun gode, a zauna. In an bar ku sai ku ce ku kuka koya wa Kanawa kasuwanci. Amma tsakani da Allah yana da 'yar gaskiya. A Samaru ne David Norman da sashensa na binciken tattalin arzikin karkara suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a 1966 zuwa 1967, suka tabbatar da lissafi cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ya fi malaman gona na lokacin hankali, domin haɗin ya fi ba shi riba kuma ya fi tsare shi in damina ta yi gardama. Haɗin da nake nema ke nan tsakanin ɗan jarida da mai bincike: gero da wake a kunya ɗaya, ɗaya ya yi sama kowa ya gan shi, ɗaya ya yaɗu a ƙasa yana gyara ta. Kuma a Zariyar ne, a shekarun 1980, Dokta Yusufu Bala Usman da abokansa suka ƙi yarda ilimi ya tsaya a aji, suka riƙa fitar da shi a mujallar Analyst da takwararta ta Hausa, Fitila. To, Bazazzagi, ka samu biyu, kada ka nemi ta uku.

Saura Malam liman, wanda ya yi magana a hankali, shi ya sa na fi jin nauyinta. Ya ce arziki na Allah ne, yana ba wanda ya so, yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba. Bin diddigin abin da ke rumbun wani hassada yake haifarwa. Allah gafarta Malam, ban isa in ja da farkon maganarka ba. Amma ku ne kuka karantar da mu cewa hatsi in ya kai nisabi ana fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban-ruwa aka same shi. Ku kuka ce masu karɓa kashi takwas ne, har kuka bambance mana faƙiri da miskini. Wannan duk awo ne da tantancewa. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi; da wane ma'auni za ta san ƙauyen da ya fi buƙata a ƙasar Tsanyawa ko Gabasawa in ba wanda ya je ya duba? Ƙarshen maganarka kuwa, ta hassada da tonon asiri, ita ce babbar hujjata. Ɗan jarida shi kaɗai zai je ya ɗauki hoton tsohuwa a gaban bukkarta, ya kama sunanta da na ƙauyenta, ya watsa a Facebook, jikokinta su kasa ɗaga kai a kasuwa. Mai bincike na ƙwarai an horar da shi ya nemi izini, ya sakaya suna, ya faɗi halin da ake ciki ba tare da ya nuna gidan wane ba. In ɗan jarida bai koyo komai a zaman ba sai wannan, kuɗin bai faɗi ba.

Masu son alƙaluma, ga naku. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a binciken 2018 zuwa 2019 kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ƙasa da layin talauci, wato naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, Kano kuwa kimanin kashi 55. A 2022 ta sake fitar da wani awon da ya haɗa da ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci, kashi 72 cikin 100 na mutanen karkara, kashi 42 na mutanen birni. Rahoton Oxfam na 2017 ya ce dukiyar attajirai biyar na ƙasar nan ta kai dala biliyan 29.9. Muna karanta waɗannan a labaran ƙarfe bakwai, mu ce innalillahi, mu wuce labarin wasanni. Kashi 55 na Kano ya haɗa Nasarawa GRA da ƙauyen da ke bayan Kunci a kwano ɗaya. Ba ya gaya maka wa ke sayen gonakin Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da ake yankawa fuloti-fuloti, ko me mai gonar ya yi da kuɗin bayan shekara biyu. Ɗorayin da Polly Hill ta auna gonakinta yau unguwa ce a cikin birni, a bayan tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Jikokin masu gonakin nan su waye a cikinsu suka zama masu gidajen haya, su waye suka zama 'yan haya? Ba ya gaya maka wa ya samu fili a bakin madatsar Thomas ta Ɗambatta ko ta Watari a Bagwai, ko wa ya daina sayen takin zamani bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko nawa ne cikin kuɗin cefanen ƙauye yanzu ke zuwa ta waya daga ɗan da ke acaɓa ko gadi a Kudu.

Akwai ma tambayar da takardar bincike kan faɗi a kanta tun a ƙofar gida. Mai ɗaukar bayani ya zauna a zaure ya ce, "Maigida, awaki nawa gare ka?" Maigida ya dube shi, ya auna: in na gwamnati ne mai rabon tallafi, gara a ce babu, in mai neman haraji ne, nan ma gara a ce babu. Ya ce biyu. A cikin gida kuwa awaki tara ne, kuma bai yi ƙarya sosai ba, domin bakwai na matansa ne, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da dambu suka saya, ba shi da ikon sayar da ko ɗaya. Namiji baƙo ba zai wuce zauren nan ba, ko farfesa ne ko edita. Saboda haka in za a yi shirin nan babu 'yan jarida mata da masu bincike mata, Hajiya, ki riƙe mayafinki ki zo mu yi zanga-zanga tare, rabin lissafin aka bari.

Sharuɗɗana ba su da yawa, kuma ba na sassauta su. Zaman ya zagaye shekarar noma, daga sharar gona zuwa ɗaurin dami zuwa tsakiyar rani, domin wanda ya ga ƙauye da kaka kaɗai zai rantse babu mai yunwa. Abin da aka samo ya fita da Hausa, a rediyo, tunda nan mutanen suke; tun da aka buɗe Freedom Radio a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suka cika Kano, kuma rabin sa'a a mako ba ta fi ƙarfin wanda ke sayar wa sojojin baka sa'o'i ba. Kafin a watsa, a koma ƙauyen a karanta musu, su ce nan kun yi daidai, nan an yi muku wayo. Kayan aikin kuma duk suna wuri ɗaya: Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyon aikin jarida, tana da masana labarin ƙasa da na zamantakewa, tana da Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, tana da gidan rediyonta, ga Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano, wanda tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950 maganar talaka ta zama sana'arsa. Tsakanin ofishin mai koyar da jarida da na mai auna gonaki tafiyar ƙafa ce, ba sai an nemi biza ba.

Na dawo gare ka, Alhaji, tunda kai ka ce kuɗin Turawa ne ke ɓata abin. Na yarda, mu bar nasu. Kuɗin mutum biyu na shekara guda, da babur, da rikoda, da hayar ɗaki a Ɗambatta, bai kai abin da ka kashe a kamun bikin autarka ba, kuma ni shaida ne, na ci. Ka ɗauki nauyin biyun farko, a sa wa shirin sunan mahaifinka, Allah ya jiƙansa. In ka ce a bari sai ka sayar da hatsin da ke sito a Dawanau tukuna, babu komai, za mu jira. Dama a watan ne yaran za su zo tambayar nawa ka saye shi da kaka.